Ramin Bayan Buhuna

Tun da bam ɗin nukiliya ya tashi a can bayan duwatsu, mutanen layin suke cunkushe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ma'aikatar awon ƙasa, har kowa ya haddace minsharin kowa. Ƙofar ta ƙarfe ce, mabuɗinta na rataye a wuyan Mai Awo.

Aikinsa ke nan tun kafin masifar: ya binne ƙarfe mai waya a waje, allurar na'ura ta nuna masa danshin ƙasa. Ya yi musu bayani har yawunsa ya ƙafe. In ƙasa ta jiƙe, tana danne ƙurar gubar, ta rage tiririn da ke cin jiki. In ta bushe, mai fita ya sallama ransa. Ga matarsa da tsohon ciki, ƙafafu sun kumbura suntum, asibiti kawai take jira.

Rannan sai allura ta haura. Tela ya naɗe bargonsa. Direba, wanda mura ta toshe wa hanci, ya rantse yana jin ƙamshin ruwan sama. Mai Awo ya kai hannu kan mabuɗi, sai ya dakata, don bai ji ɗigo ko ɗaya a bututun iska ba.

Yana cikin wasi-wasi sai ga surukarsa da bokitin ruwan wanki. Ta janye buhuna, ta tuttule shi cikin wani rami a bango, hankalinta kwance.

Ya durƙusa, kamar yadda ya saba, ya tambaye ta ko ta daɗe tana haka.

"Yo ɗan nan, da ƙazanta kake so mu kwana? Rami na gani yana zaman banza, na ba shi aiki."

Ramin nan kuwa ta cikinsa wayar ta bi, kuma bakinsa na kan ƙarfen awon. Wankin Inna allurar ke karantawa. Waje na nan ƙamas.

Ya cusa mabuɗin cikin riga. Tela ya warware bargonsa yana tsaki, Direba ya ce dama shi bai tabbatar ba.

Matar Mai Awo ta dubi ƙofar, ta dubi mijinta, ta dafa ƙugu tana cije leɓe.

"To Malam, ajiye na'urar nan ka ɗora ruwan zafi. Inna, ke kuma wanke hannu."