Guga a Hannun Iya Larai

Shekarar da aka jawo famfo Unguwar Shanu, duba-gari ya bi gida-gida ya ce a rufe rijiyoyi, wai su ke kawo ciwo. Aka tara maza aka tambaye su inda za a kafa famfon. Suka ce can bakin titi, inda suke zaman hira. Ba wanda ya tambayi mace, alhali a cikin mazan ba mai ɗora garwa a ka.

Safara'u ce ta fi shan wuya. Mijinta Sanda lebura ne, in ya fita da safe sai magariba. Uwarsa, Iya Larai, tsufa ya ruɗa ta, ko ɗan nata ba ta ganewa, amma ƙafa garau. In Safara'u za ta famfo, dole ta ɗaure ƙafar tsohuwar da zane a jikin turmi.

Ran nan layi ya yi tsawo. Ta samu ta cika garwa, an aza mata ke nan, sai ga maƙwabciyarta Kande, matar masinja, tana haki.

"Safara'u! Surukarki ta kwance! Na hango ta da guga, ta yi bayan gida!"

Can rijiyar take. Waɗanda aka turo su rufe ta ba su cike ta ba, katako suka jera suka watsa ƙasa, damina kuma ta ci katakon.

Safara'u ta zuba da gudu, garwa a ka, ruwa yana fantsama. Suka tarar da Iya tsaye tsakiyar katakon, tana neman kafar da za ta zura guga. Katakon ya lotsa, yana ƙara.

Kande ta yunƙura.

"Kada ki taka!" in ji Safara'u. "Ba zai ɗauki mutum biyu ba. Kada kuma ki yi mata tsawa, baya za ta ja."

"Wane marar kunya ya rufe mini rijiya?" in ji Iya, tana buga ƙafa.

Safara'u ta matso baki-baki.

"Wayyo Iya, wuyana! Zo ki sauke ni."

Tsohuwa ta juyo. Komai ya ɓace mata, amma ba ta manta cewa ba a barin mace tsaye da kaya a ka ba.

"Ke 'yar wa ce? Haka ake cika garwa, sakarya?"

Ta yar da guga, ta tako a hankali, hannuwa a miƙe. Katako ya ce ƙas! Safara'u ta watsar da garwa, ta cafke hannunta ta fizgo, suka zube tare a ƙasa. Sai da aka ɗan jima suka ji katakon ya faɗa ruwa.

"Kin zubar da ruwan," in ji Iya.

"Ga shi yanzu an kulle famfo, sai gobe," in ji Kande.

Safara'u ba ta saki hannun ba.

"Kande, sam mini ko kwano ɗaya in dama mata koko."