Amanar da Aka Karɓa Ba a Ji Ba

Shekara talatin da huɗu magatakardan kamfanin katako ya yi yana amsa waya, kan wayar a maƙale tsakanin kafaɗarsa da kunnensa, hannun dama yana rubutu. Da girma ya zo, jinsa ya ragu, 'ya'yansa suka kai shi asibiti aka sa masa na'urar ji, irin wadda ke zama a bayan kunne da ɗan bututu mai shiga ciki. Ya gode wa Allah, domin ya koma jin karatun liman daga sahu na uku. Waya ce kaɗai ta gagara. Da zarar ya manna ta a kunne sai na'urar ta ɗauki fito mai tsini, muryar mai magana ta nutse. A ofis ya sami dabara, yana danna sifika, masu sayen katako kuwa dama da ƙarfi suke magana.

Ranar Talata da sassafe yayarsa ta kira wayar gida. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, har yau da furfurarsa Auta take ce masa. Tana kwance a gidan 'yarta a wani gari mai nisa, ciwon ƙirji ya cinye mata murya. Ya danna sifika kamar yadda yake yi a ofis, ta ce ya kashe, maganar tasu ce su biyu. Ya kashe, ya kai wayar kunne, fito ya tashi. Ta daɗe tana magana. Yana jin hawa da saukar muryarta, ya ji inda kuka ya sarƙe ta, amma kalma ɗaya ba ta isa gare shi ba. Ya ji nauyin sa marar lafiya ta maimaita. A ƙarshe ya tsinci tambayarta, ko ya ɗauka.

"Na ɗauka, Yaya," in ji shi. Ta sa masa albarka ta ajiye.

Ya zauna a bakin kujera. Mutum ne da ya san alkawari abin tambaya ne gobe a gaban Mahalicci, ga shi ya amsa wanda bai san kansa ba balle gindinsa. Matarsa ta ce ya kira 'yar yayar tasa ta tambayo masa. Ya ce da Yaya tana son 'yarta ta ji, da ba ta sa an kashe sifika ba. Matar ta ce ai shi ke nan, ya sayi kaya a buhu bai kwance baki ba, sai ya yi ta dako.

Da azahar, bayan injinan yanka sun yi shiru, ya sa Dogo direba ya kira wayar ofis daga farfajiya ya yi magana a hankali. Fito ya hana. Ya cire na'urar gaba ɗaya, sai ya ji kamar ana magana daga cikin rijiya. Ya gwada wayar hannu, ita kuma ta ƙara da zuzar ƙudan zuma. Dogo ya leƙo ta taga ya ce shi fa ya zaci kasuwar tsuntsaye ya kira. Da yamma saƙon 'yar yayarsa ya shigo: jiki ya ƙara tsanani, sai da safe take iya 'yar magana.

Asibiti sun ba shi rana nan da mako uku. Bai jira ba. Da safiyar Laraba ya tuge wayar gida daga bango, ya naɗe igiyarta ya sa a jaka, ya je ya zauna a bencin sashen kunne yana jan carbi. Mai karɓar kati ta ce babu sunansa a jerin yau. Ya ce ya sani, zai jira ko mutum ɗaya ya fasa zuwa. Sai bayan la'asar ma'aikaciyar da ke saita na'urorin, wata mace mai gilashi, ta kira shi. Da ta ga ya zaro wayar tebur daga jaka sai da ta rufe baki da hannu. Ta ce ya nuna mata yadda yake amsa kira. Ya maƙale kan wayar a kafaɗa, ya danne da kunne kamar kullum.

"Baba, kunnenka ya yi ƙaura, kai kuma kana ta sallama a tsohon gida," in ji ta.

Ta nuna masa ɗan ramin da na'urar ke ɗaukar sauti, can sama a bayan kunne. Nan zai riƙa kai wayar, ya ɗan karkata ta, kada ya danne, domin dannewar ce ke jawo fiton. Ta nuna masa maɓallin da zai taɓa in wayar tebur ce, ta gida ko ta ofis. Wayar hannu kuwa ta haɗa ta da na'urar ta bulutut, haɗin da ba ya buƙatar igiya, murya ta riƙa shiga kunnensa kai tsaye, wanda ke kusa da shi ma ba zai ji ba.

A gida ya mayar da waya bango, ya sa matarsa ta kira shi daga kicin ta yi raɗa. Sau uku kafaɗarsa tana tashi da kanta, fito yana dawowa, yana sake gyara hannu. A na huɗu ya ji ta sarai, tana lissafa masa laifuffukansa tun daga jiƙaƙƙen tawul da yake bari a kan gado. Ya ce ya isa, na'ura ta yi aiki. Ta ce ita ba ta gama ba.

Da gari ya waye ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya yi bisimilla, ya kira da wayar hannu. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, ki gafarce ni. Ran Talata na ce na ɗauka, alhali ban ji komai ba."

Ta yi wata dariya da ta ƙare da tari. Ta ce tun yana ƙarami haka yake, a aike shi ya ruga kafin a faɗi saƙo. Sai ta fara daga farko, tana hutawa tsakanin kalmomi. Lokacin da take ɗinki a garinsu, yadin wata mai kawo aiki ya ɓace. Ta ɗora wa yarinyar da ke koyo a wajenta, ta kore ta a gaban maƙwabta. Bayan shekara biyu, ranar da za ta tashi daga shagon, aka janye kabad, ga yadin a baya ƙura ta rufe shi. Girman kai ya kulle mata baki shekara arba'in. Ta ji labari yarinyar, wadda yanzu ta manyanta, tana da shago a layin teloli na babbar kasuwar garin da yake zaune.

"A gaban mutane na tozarta ta, Auta. A gaban mutane za ka wanke ta."

"Na ji, Yaya. Yanzu na ɗauka."

Bai biya ta ofis ba. Ya bi layin teloli shago-shago yana tambaya, har aka nuna masa wata dattijuwa a kan keken ɗinki, da tef ɗin awo rataye a wuya. Ya yi sallama, ya roƙi maƙwabtanta biyu su matso, ya faɗi ko shi ƙanin wane ne, ya isar da saƙon bai rage harafi ba. Keken ɗinkin ya tsaya. Matar ta ce saboda maganar nan aka fasa aurenta na fari, mahaifinta kuma ya rasu bai san gaskiya ba. Magatakardan ya sunkuyar da kai, bai nemi yi wa kowa uzuri ba.

"Tana da rai?" ta tambaya.

"Tana nan, amma muryar ta yi ƙasa."

Ta share fuska da bakin mayafi, ta miƙo hannu. "Kira min ita."

Ya kashe bulutut kamar yadda aka koya masa, ya danna lambar, ya sa mata wayar a tafin hannu.