Takalman da Aka Kulle a Sabon Gari

"Me preparé," in ji Bahauddeen. "Na shirya."

"Ka shirya fa?" in ji Baba Augustine, yana gwada shi.

"Te preparaste."

"Ya shirya?"

Nan ya kakare. Baba Augustine ya ƙwanƙwasa tebur da sifana, ya ce kan yaron nan in ba ƙwallo ba babu abin da yake riƙewa. Shekara ashirin tsohon ya yi a Malabo yana gyaran janareta, a can ya kwaso Sifaniyanci, kuma wata uku ke nan yana ɗura wa Bahauddeen shi kyauta a shagonsa na Sabon Gari, cikin warin fetur. Jibi Bahauddeen zai hau jirgi. Wata ƙaramar ƙungiya a Sifaniya ta kira shi gwaji, kuma kaf unguwarsu ta Kwaciri an san ƙafarsa ta hagu ce ta samo masa wannan.

Suna cikin haka Sammani, shugaban magoya bayan ƙungiyar unguwarsu, ya faɗo shagon yana haki.

"Baha, yau fa wasan ƙarshe ne, rago za a ci. Minti ashirin kawai ka buga mana, don Allah."

Bahauddeen ya kalli jakarsa, zuciyarsa har ta isa fili. Baba Augustine ya riga shi. Ya zaro takalman ƙwallon da jesin, ya jefa su cikin akwatin ƙarfe, ya datse kwaɗo, ya sa mukulli a aljihu.

"'Yan bayan can karya ƙafa suka iya, ba ƙwallo ba. Je ka yi kallo. Ranar tafiya zan ba ka da hannuna."

Haka Bahauddeen ya tsaya a bakin filin wata makarantar firamare a Fagge, da silifas da jallabiya, ƙafarsa na ƙaiƙayi duk lokacin da ƙwallo ta wuce. Saura minti biyar a tashi alƙalin wasa ya ba Kwaciri fenareti. Ba a buga ta ba. Dutse ne ya fara sauka, ya fasa wa mai tsaron gida baki. Sai ga 'yan daba suna dirowa ta katanga, wasu da adda, wasu da gora, wani da sarƙar babur yana juya ta a sama.

Fili ya hargitse. Mai sayar da rake ya kifar da baro ya arce. Wani matashi ya tare sara da hannu, ya durƙusa yana kallon yatsunsa, ya ma kasa ihu. 'Yan sanda huɗu da aka kawo suka kewaye 'yan wasa, suna tura su cikin bas ɗin da ke bakin ƙofa. Bahauddeen ya ruga can, ya kama ƙofar. Ɗan sandan da ke tsare ƙofar ya dubi silifas ɗinsa, ya hankaɗe shi da gindin bindiga.

"'Yan wasa kawai!"

Bas ta tashi. Da ya juya sai ya ga Sammani a ƙasa, jini ya rufe masa fuska, mutum biyu suna tattaka shi. Tsoro ya kama Bahauddeen ƙwarai, amma ya shiga ya ja shi ta wuyan riga. Bai yi taku biyar ba sarƙar ta naɗe masa wuya, aka fizgo shi ya faɗi rigingine.

"Kai, ku tsaya! Ga ɗan Sifen!" in ji wani mai tabo a goshi. "Wacce ce ƙafar?"

"Ta hagu," wani ya amsa.

Ba su taɓa kansa ba, ba su karɓi wayarsa ba. Biyu suka danne shi, ɗaya ya miƙar da ƙafar, mai tabon ya ɗaga gora da hannu biyu ya sauke a gwiwa. Sau uku. Bahauddeen ya ji ƙarar ta farko da kunnensa, sauran bai san an yi ba.

Washegari da hantsi Baba Augustine ya shigo ɗakin asibiti da baƙar leda a hannu, takalman da jesin a ciki. Likita ya riga ya faɗa: gwiwar ta tarwatse, tafiya za a yi da ita in Allah ya yarda, gudu kuwa sai dai a manta. Tsohon ya zauna a kujerar gefen gado, ya rungume ledar.

"Sauran yaran fa? Waɗanda suka buga?"

Bahauddeen ya yi wa Sammani alama da ido kada ya faɗa, amma Sammani na gado na gaba, kai a naɗe, bai gani ba.

"Ai ko ƙwarzane babu wanda ya samu, Baba. Duk mai jesi da takalmi 'yan sanda sun sa shi a bas. Baha ma ya je, suka koro shi."

 A hankali Baba Augustine ya sauke ledar, ya tura ta ƙarƙashin kujera da ƙafa. Bahauddeen ya ga haka, sai tausayin tsohon ya kama shi fiye da zafin gwiwar.

"Baba," ya ce, "na tuna wanda na kakare jiya. Se preparó."

"Daidai ne," in ji tsohon, bai ɗago kai ba.