Man Kaɗe a Kan Madubi

Tun da na bar makaranta a aji sha ɗaya ban taɓa yin wata huɗu a aiki ɗaya ba. Wankin mota, kai abinci a keke, gadin shago. Da na gaji sai in daina zuwa kawai, ko sallama babu.

Wannan kam na kai wata biyar. Wani ƙaramin kamfani ne a unguwar Queens, muna haɗa akwatin ƙarfe da za a ɗora wa roka ta masu bincike. Rokar ba ta zama a sama. Za ta haura inda babu iska, ta ɗauki hoton rana na ƴan mintoci, akwatin ya sauko da lema. Shekara biyu ana aiki saboda waɗannan mintocin. Nawa aikin shi ne wanke ƙarafa da sinadari da ɗaure sukuru, kowanne da ƙarfin da aka rubuta masa.

Wadda ta ɗauke ni Injiniya Zuhura ce, ƴar Zariya. Ɗan Gana take kirana.

Sanyin Janairu da sinadarin nan suka haɗu suka farfasa mini hannu. Mma Fusena, mahaifiyata, ta gani ina cin tuwo da cokali a gidanmu na Highbridge.

Ta ce, "Saani, wannan hannu ne ko bayan kada? Zo nan."

Ta ɗebo mini man kaɗe da aka aiko mata daga Tamale, can Gana. Kullum da safe nake shafawa, da rana ma in na yi alwala. Ina sa safar hannu a wurin aiki, amma da hannun mai nake kama bayanta in zura.

Aka sa akwatin a tankin da ake zuƙe wa iska don gwaji. Da aka fito da shi, madubin ɗaukar hoto da ke cikinsa ya yi hazo. Injiniya ta ce inda babu iska kowane ɗigon mai yana tashi kamar tururi, ya je ya kwanta a kan madubi. Kwana uku tana neman inda man ya fito. Ta zargi wayoyin lantarki, ta zargi gam, ta kira masu sayar mana da ƙarfe ta yi musu faɗa. Saura mako uku motar da za ta kai akwatin Virginia, inda za a harba rokar, ta zo.

Ni tun rana ta biyu na gane. Ina cire safa na ga yatsuna suna ƙyalli.

Ranar Alhamis na tsaya a tashar jirgin ƙasa, jirgi biyu ya wuce ban shiga ba. Na san yadda ake yi: a kashe waya, a koma gida, a kwanta. Amma ban taɓa ɗaure wani abu da zai bar duniya ya dawo ba. Na shiga na uku.

Na tarar da Injiniya zaune a gaban tankin, idonta ja. Na ajiye gwangwanin man a kan tebur.

Ta buɗe ta sansana. Ta ɗago kai ta dube ni.

"Man kaɗe. Ɗan Gana, kwana uku ina zagin Turawa, ashe Tamale ce ta hau rokata?"

"Anti, ki yi haƙuri. Safar ce..."

"Na gane. Yaushe ka sani?"

"Talata."

"To, man kuskure ne. Kwana biyun da ka yi shiru, shi ne laifin." Ta murza ido. "Sukuru nawa ne a jikinsa?"

"Ɗari biyu da sha biyu."

"Ka kwance su duka. Kowane ƙarfe ka wanke sau uku. Idan tanki ya sake nuna mai, ni da kai duk mun tafi."

Kwana goma sha ɗaya na yi a kai. Bayana ya riƙe, hannuna ya sake tsagewa har da jini, don yanzu sai Lahadi nake shafa man. Mma tana ta mita wai an hana ɗanta magani saboda ƙarfe.

Madubin ya fito tas. Motar ta zo ta ɗauki akwatin, ni ban bi su ba, ba a kai irina can. Na share benci, na jera sababbin safofi. Injiniya ta turo wani kwalin ƙarafa da ƙafa ta ce na roka ta gaba ne.

Na je na wanke hannu.