Ruwan da Na Kai wa Mai Kitso

"Ajiye nan bakin ƙofa," in ji Mai Kitso, ko dubana ba ta yi ba. Tana durƙushe kan tabarma, hannunta dafe da kwiɓi.

Na ajiye jarkar. Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka, ba ta taɓa tsayar da ni a ƙofa ba sai ranar.

Ni na raka ta asibiti da ciwon ya fara. Aka yi mata hoto, likita ya ce tsakuwa biyu ce a ƙoda. Ya ba ta magani, ya ce ta yawaita shan ruwa, ta riƙa tace fitsarinta, in tsakuwa ta fito ta kawo a duba. Ya ce in zazzaɓi ya zo kada ta jira.

Da rariyar shayina ta riƙa tacewa. Har dariya muka yi, ta ce, "Maƙwabciya, kin yi asarar rariya ke nan."

Famfonsu ya daɗe da lalacewa, saboda haka ni nake kai mata ruwa kullum.

Ranar da tsakuwar fari ta fito, 'yar mitsitsiya, yayarta tana nan. Ta juya ta a tafin hannu, ta ce, "Dutse ba ya shiga cikin mutum da ƙafarsa. Ruwan wa kike sha?"

Ina tsaye na ji. Mai Kitso ta sunkuyar da kai.

Ba a kai tsakuwar asibiti ba, yayar ta ƙulle ta a tsumma. Ni dai ban fasa kai ruwa ba, kullum nakan tarar da jarkar jiya wayam, sai in ce a raina, to, ai tana sha.

Da na ga tana rawar sanyi na ce, "Ki tashi mu koma asibiti, don Allah."

Yayar ta ce, "Ke me ya dame ki haka?"

Kwana uku suka yi kafin su kai ta. Likita ya ce tsakuwa ta biyun ta toshe hanya, ciwo ya riga ya shiga jini. Ba ta dawo ba.

Bayan an share makoki na shiga ɗauko jarkata. A bayan ɗakinta, inda rana take ƙona komai, ciyawa ta fito koriya shar, daidai faɗin tabarma ƙarama. Ƙasar wurin ba ta gama bushewa ba.