San Roke a Bayan Gidan Rawa

Tun safe Erlinda Macaraeg ta kasa zama. Ta share gaban gidan rawarta, ta sa an goge madubin dandamali, ta dawo ta sake share inda ta share. Ranar ce jami'in ofishin tsara gari zai zo dubawa.

Sabuwar dokar majalisar gari a fili take: duk gidan giya da mata ke rawa a cikinsa zai koma filin bayan mayanka, sai wanda ya yi nesa da makaranta da wurin ibada. Erlinda ta riga ta auna. Makaranta tana tsallaken kogi, babban coci yana can tsakiyar gari. Duk da haka zuciyarta ba ta kwanta ba.

Da hantsi jami'in ya iso a kan babur. Renato ne, wanda ita ta riƙe shi ranar baftismarsa.

"Ninang, ina kwana," ya ce, yadda ake kiran uwar baftisma, ya kai bayan hannunta goshinsa don girmamawa.

"Ka ga tumbi! Ofis ya karɓe ka, Dong, yarona. Zauna ka ci shinkafa."

"Bari in gama tukuna, kada a ce da busasshen kifi kika saye ni."

Ya duba ƙofar gudun gobara, ya duba katin asibitin 'yan mata, ya leƙa banɗaki. Sai ya fita ta ƙofar baya, ya tsaya cak.

A jikin katangar akwai wani ɗan ɗaki mai rufin kwano, da gicciye a samansa, da mutum-mutumin waliyyi San Roke a ciki. Mahaifiyar Erlinda, Nanay Pasing, ta gina shi shekarar da zazzaɓi ya kusa tafiya da jikanta. Ta yi bakance cewa in yaron ya tashi, San Roke zai sami ɗakinsa a gidan har ta mutu. Yaron ya tashi.

"Ninang, Fada limamin coci yana shigowa nan?"

Kafin Erlinda ta buɗe baki, tsohuwar ta fito da tsintsiya a hannu.

"Yana shigowa mana! A watan jiya ya yayyafa ruwan albarka, ya ja mana addu'a, duk unguwa ta zo. Ka ɗauka ɗakin kaji ne?"

Renato ya sosa ƙeya. "Lola, kakarmu, da kin ce ɗakin kaji ne da na fi jin daɗi."

Ya ja Erlinda gefe. In Fada ya sa wa wuri albarka, jama'a kuma suna taruwa, ya zama wurin ibada a idon doka. Ba zai sa hannu a lasisi ba, domin kansilan unguwar ma yana cikin waɗanda suka durƙusa ranar.

"To, yaya ke nan?"

"A fitar da mutum-mutumin, a sauke gicciyen, a zuba akwatunan kwalba a ciki. Gobe in dawo, in ga ɗakin ajiya."

Bayan tafiyarsa Erlinda ta kewaya gidan, ta kunna sigari ta kashe. Ta san bayan mayanka: babu fitilar titi, ga wari, da damina ruwa har gwiwa. Direbobin manyan motoci, abokan cinikinta, ba za su bi ta can ba. 'Yan matan da ke kwana a sama suka sauko da tawul a ka, suna kallonta.

"Jocelyn, zo ki kama mini."

"Ni? Mama, kullum sai na kunna masa kyandir kafin in hau dandamali. Ki kore ni kawai, amma hannuna ba ya taɓa shi."

"Matsorata, dukanku."

Ta shiga ita kaɗai. Mutum-mutumin na katako ne, bai kai ƙugunta ba, amma da nauyi. Ta rungumo shi ta ɗaga. Nanay Pasing tana zaune a bakin ƙofa, ba ta tashi ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Gidan gwaggona Tiya Meding zan kai shi, Nay. Za a kula da shi."

"Kai shi. Ki dawo ki ɗauki tabarmata. Inda ya kwana nan zan kwana."

"Nay, abincin mutum nawa ne a gidan nan?"

"Na sani. Ni na yi alkawarin, ba ke ba. Ban ce ki tsaya ba."

Erlinda ta tsaya da shi a ƙirji har nauyinsa ya fara rinjayar ta. Kakin kyandir ya ɓata mata riga. Sai ta mayar da shi kan teburinsa, a karkace, ba ta gyara ba.

Ta fito ta wuce 'yan matan, ta zari jakarta, ta tsayar da mai babur ɗin haya a bakin titi.

"Ina zuwa, Manang?" in ji mai babur, yadda ake kiran babbar mace.

"Bayan mayanka. Ka bi a hankali, ina so in ga inda ruwa ke tsayawa."