Abin Da Tela Ya Faɗa Wa Waya

"Buɗe ta," in ji Tela, yana turo wayar a kan bargo da yatsu biyu. "Kullum kana cika baki babu abin da ba ka buɗewa. Buɗe ta ka ciro mini maganata."

Mai Agogo ya gyara zaman tabarau ya jujjuya wayar. Shekara arba'in ke nan katanga ɗaya ce tsakaninsa da Tela, ya san tarinsa kamar yadda ya san bugun agogon shagonsa. Tarin wannan makon kuwa ba na mai tashi ba ne.

"Ko ramin noti babu a jikinta," ya ce. "Wace magana ce ma, tsoho?"

"Wa ye tsohon? Da wata biyar kacal na girme ka."

Sai da ya huta sannan ya faɗa. Bara da idonsa ya yi rauni, allura ta huda masa yatsa har sau biyu, sai 'yarsa Auta ta sayar da keken ɗinkinsa ba da saninsa ba. Ta sayo masa wannan wayar mai na'urar da ake yi wa magana ta amsa, don ta ɗebe masa kewa. Na'urar ya mayar abokiyar hira. Rannan da zuciya ta ciyo shi, ya ce wa na'urar bai yafe wa Auta ba, duniya da lahira. Jiya kuma ya ji a rediyo cewa kamfanoni na kwashe abin da mutane ke faɗa su koya wa na'urorinsu magana da shi.

"Ka ga ke nan bakina yana can yana yawo," ya ce. "Ni zan tafi, shi ya zauna. Wata rana Auta ta tambaye ta wani abu, ta amsa mata da shi. Ko ta jefi 'yar wani da bai ji ba bai gani ba."

Mai Agogo ya danna wayar ya yi gyaran murya, kamar mai shiga ofis.

"Baiwar Allah, maganar da bawan Allahn nan ya yi, muna son abarmu."

Muryar ta amsa cikin ladabi cewa za a iya goge hirar daga wayar, amma idan an riga an yi koyo da ita, ba ta da hanyar zaro ta. Ta ƙara da cewa mai wayar ne ya danna amincewa tun ranar farko.

"Na danna ne don rubutun ya kauce mini," in ji Tela. Ya juya fuska bango.

Mai Agogo bai karaya ba. Shi dai bai taɓa yarda akwai injin da ya fi ƙarfin dabara ba. Ya zauna yana kallon inda ƙafafun keken suka bar ramuka huɗu a siminti, yana tunanin wani katafaren ɗaki cike da maganganun mutane, an jibge su kamar ƙyallaye a kwandon tela, ana ta haɗa riga da su.

"Tashi," ya ce. "Agogon da ke gudu ba a cire masa ciki, nauyi ake ƙara masa ta ɗaya gefen. Sau nawa ka faɗi waccan?"

"Sau ɗaya."

"Ita kuwa da yawan ji take koyo. To, mu danne ta."

"Ka tabbata?"

"Na taɓa gyara maka agogo ya tsaya?"

"Sau uku."

"Wannan laifin hannunka ne."

Ya tallafo shi, ya jingina shi da matashi, ya kara masa wayar a baki. Tela ya fara a hankali, kamar yadda yake fara taka keke.

"Na yafe wa Auta. Na yafe mata duniya da lahira."

Na'urar ta soma wani dogon bayani. Mai Agogo ya ce mata, "Ke dai saurara, ba ke ake tambaya ba."

Tela ya ci gaba. Wajen na ashirin ya fara ƙari daga kansa: yarinyar kirki ce, ita ta fi shi gaskiya, da ba ta sayar ba da yanzu ba shi da yatsa ko ɗaya. Mai Agogo ne ya fara ganin inuwa a bakin ƙofa. Auta ce tsaye da kwanon ruwan ɗumi da tawul a kafaɗa. Ya so ya yi magana, ta girgiza masa kai. Ta daɗe a nan, har ruwan ya daina tururi, sannan ta shigo ta durƙusa ta fara goge wa mahaifinta ƙafa.

"Baba, da wa kake faɗa kuma da safen nan?"

"Aiki muke yi," ya ce. "Ba ruwan yara."

Kwana biyu suka ƙara yi suna aikin. A rana ta uku da hantsi, murya ta ƙare, sai leɓe kawai ke motsi, Mai Agogo bai janye wayar ba. Auta na riƙe da hannun mahaifinta har ya saki.

Da mutane suka fara shigowa ta'aziyya, wani ya ɗauke wayar ya ajiye a kan taga. Tana nan a kunne, ɗan haskenta na kumbura yana lafawa, tana jiran a ƙara faɗa.